Itatuwa Uku na Baba Yaji

Unguwar Hausari, Potiskum
9 ga Janairu, 1954

Zuwa ga maiɗakina Meram,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Yaya nauyin jiki? Ƙafafun sun saɓe, ko har yanzu suna kumbura? Ki gaishe mini da Iya da kyau, ki ce ina durƙushe ina gaisuwa. Sai kuma yayanki Malam Muhammadu Lawan, wanda na san shi ne riƙe da takardar nan yanzu yana karanta miki a tsakar gida. Malam, tun muna makarantar Midil na san ka da ƙara gishiri a karatu. Ka karanta mata abin da na rubuta kawai.

Bayan haka, ni dai lafiyata ƙalau. Yau kwana ashirin da uku da tafiyarki goyon ciki, gida ya yi mini faɗi. Bana ba a tura ni rangadin allurar shanu ba, an bar ni a kara ina duba dabbobin da ake kawowa kasuwa. Kin ga ke nan cikin shekara shida da aurenmu, wannan ne karo na farko da sanyi ya same ni a gida, sai ya zamana ke ce ba kya nan. Abinci kuwa kada ki damu. Gwaggona Yelwa tana aiko da dambu daga Danchuwa, sauran kwanaki kuma ina dama gari da nono. Ban rame ba, sai dai wandona ya ɗan ƙara girma.

Na san abin da kike jira ki ji. Ranar da za ki hau mota ba ki ce in kula da akuya ba, ba ki ce in kula da kaina ba. Itatuwan furen bariki guda ukun nan kawai kika damƙa mini amana. Ban yi fushi ba, don na san matsayinsu a wurinki. Mahaifinki Baba Yaji, Allah Ya ji ƙansa, shekara ashirin yana yi wa Turawa aikin lambu, bai fito da komai ba sai rassan nan uku da ya dasa miki da hannunsa makon bikinmu, kuma bai ga furensu na farko ba. Kullum da safe garwa guda nake zuba wa kowannensu kafin in ɗaura rawani.

Sai dai ina ganin ba su da lafiya sosai. Ganyen ya yi ja, ya zube duka, rassan sun tsaya tsirara. Wannan bai dame ni ba, kuka ma tana yin haka. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɓawon. Yana saɓulewa falle-falle, yana barin tabo fari-fari da toka-toka a jiki, daidai yadda kirci yake yi wa fatar saniya. Shekarata tara ina ganin kirci, in na gan shi ko daga nesa na san shi. Na wanke su, na shafa musu irin maganin da muke shafa wa shanu. Ki kwantar da hankalinki, Allah Ya sa a hannun malamin dabbobi kika bar su.

Kaumi mai jakuna ne zai kawo wannan, tare da kanwa da citta na kunu. Allah Ya sauke ki lafiya.

Ni ne maigidanki,
Zarami


Hausari, Potiskum
20 ga Fabrairu, 1954

Zuwa ga Meram maijego,

Gaisuwa da murna marar iyaka. Yaya ruwan zafi? Yaya baƙuwarmu, tana kama nono da kyau? Ina gaida Iya da wahalar ɗora tukunya safe da yamma, Allah Ya saka mata da aljanna. Malam Lawan, sannu da hidimar suna, ka fitar da ni kunya a gaban mutanen Gadaka.

Na iso gida lafiya ran Lahadi. Tun a mota nake murmushi ni kaɗai, har wani Bafillace da ke kusa da ni ya tambaye ni ko shanuna ne suka haihu. Na ce masa abin ya fi haka. Shekara shida, Meram. Ke kika san abin da kika sha a bakin mutane cikin shekarun nan, ni kuma na san sau nawa na shigo na tarar da ke a gindin itatuwan nan kina tsince musu busasshen fure, idonki jawur, kina ce mini hayaƙi ne. To, ga shi Allah Ya yi. Ba zan rubuta sunanta ba, kin san sunan Innata ne, ga ta kuma 'yar fari. Amma hancin nan nawa ne, duk wanda ya ce na Malam Lawan ne son kai ya yi.

Gwaggo Yelwa ta zo barka jiya da ƙwaryar gero da ƙullin lalle daga gonarta. Maƙwabta sun yi ta shigowa. Akuyarki ma ta haifi biyu, duk mata.

Ranar suna, da na tsaya a bakin ƙofa muka gaisa, mata cike da ɗaki, kin tambaye ni itatuwa. Na ce miki suna nan. To, suna nan ɗin. Akwai 'yar magana a kansu, amma ba ta gaggawa ba ce, kuma ba maganar da za a yi wa mai ɗanyen jego ba ce. Ki ci, ki sha kunu, ki yi ƙiba. Ina ba su ruwa kamar kullum.

Haza wassalam.
Zarami


Hausari, Potiskum
6 ga Maris, 1954

Zuwa ga Meram,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta yarinya da ta Iya. Malam Lawan, da na so in roƙe ka ka ja ta gefe kafin ka karanta wannan, sai na ga ba amfani. Abin da na yi a tsakar gida na yi shi da rana tsaka, a karanta shi a tsakar gida.

Meram, na sare itatuwanki.

Sau uku ina fara takardar nan ina yagawa. Jiya Kaumi ya shigo karɓar saƙo, ya tsaya turus a tsakar gida ya riƙe baki, sai na san in ban faɗa miki da kaina ba, a bakinsa za ki ji. Ga yadda aka yi, ba ragi ba ƙari.

Mako guda bayan takardata ta farko, maganin da na shafa bai yi komai ba, ɓawon sai ƙara saɓulewa yake. Hankalina ya tashi, na ce amanar da aka ba ni za ta mutu a hannuna. Ran nan Gwaggo Yelwa ta zo, ta tsinci busasshen ganye a ƙasa, ta murza, ta shinshina, ta ce wannan ai ɗan'uwan lalle ne. Ta ce ita duk rani har ƙasa take girbe lallenta, kuma ruwa na sauka yake tasowa ya fi na bara. Ba na ɗora mata laifi. Ita lalle ta sani, lalle ta faɗa. Ni ne na haɗa maganarta da tawa ta kirci, na ce a cire inda ya kamu a ceci sauran. Na aro zarto wurin kafinta.

Biyun da ke wajen rijiya na datse su daidai ƙirjina. Na ukun, na bakin ƙofarki, wanda kike daka a inuwarsa, shi ya fi yawan tabo har gindi, don haka na gundule shi, bai fi taƙi guda daga ƙasa ba. Ina yi ina jin kaina wani gwani. Sai da na gama na sunkuya na dubi bakin yankan, na gan shi ɗanye shar, har da danshi. 

Washegari na bi ta bariki, na leƙa ta saman shinge inda Baba ya yi aiki. Ga iyayen itatuwanki nan a jere, manya-manya, babu ganye ko ɗaya, ɓawonsu yana saɓulewa ya fi naki, jikinsu sumul. Wani dattijo yana shara a ƙarƙashinsu hankali kwance. Na yi masa sallama na tambaye shi ciwon da ya kama su. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce ba ciwo, riga suke sakewa, in sun girma haka suke yi. Na ce to in wani ya sare su fa? Ya ce, "Wane mahaukaci ne zai sare su?" Na ce wani maƙwabcina ne. Ya ce in gaishe shi.

Shekara shida ina wucewa ta gabansu, ban taɓa ɗaga kai na dube su da kyau ba, ban taɓa tambayarki yadda ake yi da su ba. Da na rubuto na tambaya, kwana huɗu ya isa amsa ta zo. Girman kai ne ya hana ni, ba wani abu ba. Yau kwana hamsin ke nan, kututture uku ne a tsaye, ba toho ko ɗaya. Ina ba su ruwa safe da yamma. Ban san ko suna da rai ba.

Na ci amanarki, na kuma ɓoye miki ranar suna. Ki yafe mini in za ki iya. In ba za ki iya yanzu ba, ba zan ga laifinki ba.

Ni ne mai laifi,
Zarami


Hausari, Potiskum
17 ga Afrilu, 1954

Zuwa ga maiɗakina Meram,

Ina gaisuwa. Yaya zafi a Gadaka? Nan kam ya kai inda ya kai, kara ba ta shiguwa bayan hantsi. Yaya yarinya, ƙurajen zafi ba su dame ta ba? Gaisuwa ga Iya da Malam.

Sau biyar Kaumi yana zuwa yana dawowa hannu wofi. Duk lokacin da na tare shi sai ya ce, "Ta ce ta ji," ya kaɗa jakunansa. An yi arba'in tuni, ba wanda ya yi mini zancen ranar dawowa, ni kuma ba ni da bakin tambaya. Zan faɗa miki gaskiya, shirun nan ya fi mini zagi ciwo. Ina jin tsoro kada ki dawo gidan nan ki ga kamar ba naki ba ne.

Amma ba kuka na zo yi ba, labari na kawo. Biyun wajen rijiya sun farka! Yau kwana goma sha biyu, ina zuba ruwa sai na ga wasu 'yan ƙuraje ja-ja a zagayen bakin yankan. Na ce ko wani sabon ciwon ne, sai na tuna an hana ni ganin ciwo, na kama bakina. Kwana uku sai ga ganye. Yanzu kowane kututture ya fitar da tsiro ya fi talatin, sirara, a cunkushe wuri guda, ya zama kamar tsintsiyar da aka kafa kanta sama. Wasu kuma suna fitowa daga gindi. Tsawon da suke ƙarawa a kwana ɗaya har mamaki yake ba ni. Maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga ya ce ai na ci nasara. Ni dai da na dube su na san ba haka kika bar su ba. Itace ne mai jiki uku-uku da rassa a baje, ba wannan gashin mahaukaciya ba.

Na bakin ƙofarki shiru. Saman ya bushe ya tsattsage.

Hannuna yana ƙaiƙayi in rage tsiron nan, don na ga suna danne juna. Na mayar wa kafinta zartonsa, wuƙata ma na daina shiga da ita tsakar gida. Na ɗaure akuya da 'ya'yanta a bayan ɗaki. Ba zan taɓa ko ganye ɗaya ba sai kin ce. Ko ba za ki yi mini magana don ni ba, ki yi don su.

Naki,
Zarami


Hausari, Potiskum
15 ga Mayu, 1954

Zuwa ga Meram,

Gaisuwa da barka da shan ruwa. Yaya ibada? Kada ki matsa wa kanki da azumi kina shayarwa, malamai sun yi sauƙi a nan. Ina gaida Iya. Malam Lawan, Allah Ya biya ka, ko da yake na ga inda ka ƙara naka a ƙasan takarda.

Amsarki ta zo ran Talata. A tsaye na karanta ta a ƙofar gida, na sake karantawa a zaune. Layi goma sha ɗaya ce, tara a kan itatuwa, ɗaya a kan yarinya, ɗaya kuma cewa za ki dawo bayan Salla. Ni ba a ambace ni ba sai a wurin da kika ce kada in ƙara kusantarsu da ƙarfe. Na karɓa, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba.

Na yi yadda kika ce Baba yana yi in iska ta karya masa reshe a bariki. A kan kowane kututture na zaɓi tsiro uku mafiya kauri, waɗanda suka kalli waje, ba masu kallon juna ba. Sauran na murje su da babban yatsa tun suna da taushi. Na gindin ma duk na cire. Sai da na yi awa guda ina zagaya na farko kafin in iya cire ko ɗaya, ni da nake fiɗiye bijimi ba na ƙiftawa. Na kafa gora kusa da kowanne, na ɗaure sababbin rassan da tsumma sako-sako, don kin ce ba su da ƙarfi a mahaɗa, iskar farkon damina tana iya fizge su. Duk bayan kwana uku wasu sababbi suna sake fitowa inda na murje, ina bi ina cirewa. Ashe aikin nan ba na yini ɗaya ba ne.

Kin ce shekara uku ko huɗu kafin su koma kamar itace, kuma ƙullin da zai fito a inda na yanka ba zai ɓace ba har abada. Na ji. Ya kamata ma ya zauna, in riƙa ganinsa.

Abin da Malam ya ƙara shi ne, ranar da aka karanta miki waccan takarda ta saran itatuwa kin shiga ɗaki, kwana biyu Iya tana fama da ke ki ci abinci. Da ya bar wannan a cikinsa da na fi samun barci, amma gara da na sani.

Na bakin ƙofa ban tone shi ba, kamar yadda kika ce. Garwarsa guda tana nan kullum. Na kafa miki 'yar rumfar zana a gefensa saboda turmi, ba ta kai inuwar da ba, amma za ta tare rana.

Ni ne maigidanki,
Zarami


Hausari, Potiskum
12 ga Yuni, 1954

Zuwa ga maiɗakina Meram,

Barka da Salla, barka da ruwa. Da fatan kun yi Salla lafiya, ke da yarinya da Iya da Malam da duk mutanen gida. Nan an yi ruwa uku masu kyau, mutanen Danchuwa sun gama shuka, Gwaggo Yelwa tana gaishe ki. Ta ce in gaya miki ita ma ta tuba, daga yau bakinta a kan lalle zai tsaya.

Na shirya da direba, ran Alhamis in Allah Ya yarda zan zo in ɗauke ku. An yi wa ɗakinki sabon daɓe, an gyara indararo.

Ina so in gaya miki abin da za ki tarar, don kada ki shigo da hoton da a ranki. Biyun wajen rijiya sun wuce kaina da kaɗan. Sun yi fure, Meram. Kowane reshe da tulin fure a kansa, ruwan hoda, a yamutse kamar bakin gyale, har ya fi na da girma. Amma rassan sirara ne, in ruwa ya jiƙa furen sai su sunkuyo har su kusa taɓa ƙasa, kullum da safe sai na bi na girgiza musu ruwan. Mata suna leƙowa suna cewa sun yi kyau. Ke za ki ga kututturen da ke ƙarƙashi, za ki ga ƙullin. Zan bar ki da su sai kin gama kallo.

Saura na bakin ƙofa. Kututturen ya mutu, wannan ba shakka, na ga gara ta fara hawansa na kakkaɓe. Amma shekaranjiya, bayan ruwa, na ga wani abu ya tsago ƙasa kamar taƙi biyu daga gindinsa, ta wajen ɗakinki. Bai fi ɗan yatsa ba. Ganye huɗu ne, ƙanana, bakinsu ja-ja. Na kifa masa tsohon kwando saboda kaji, na ɗora dutse. Ban nuna wa kowa ba.

A raina ina da abin da nake zato, har na kasa cin tuwo saboda shi. Amma zatona ne ya kawo mu nan, don haka ba zan rubuta shi ba. Wataƙila daga saiwar Baba ne, wataƙila kuma ciyawa ce kawai na yi wa gata. Ke kika san su. Ki zo ki ɗaga kwandon da hannunki ki faɗa mini. Yarinyar kuwa ni zan riƙe miki ita har ki gama dubawa, duk mai cewa ba a ɗaukar 'yar fari a gaban mutane ya je ya yi ta faɗa.

Sai kun ga ni ran Alhamis.

Ni ne naki,
Zarami